Gonar Kaka a Bakin Bahar

Ɗan'uwa, sallama da fatan alheri. Tambayoyinka sun iso ni, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta farkon ta sosa mini rai. Ka ce mu da ke Sudan har yanzu Hausawa ne ko mun rikiɗe mun zama Larabawa. Ka ce ko muna aurayya da 'yan ƙasa, sai ka ce mu baƙi ne. Sannan ka ce tunda yaƙi ya cinye ƙasar, me ya hana mu tattara namu-ya-namu mu dawo gida. Na san ba da mugun nufi ka tambaya ba, shi ya sa na bari sai da zuciyata ta kwanta. Duk sanda na zauna zan shirya maka amsa, sai tunanina ya tafi wajen kakata, wadda ta haifi babana, da gonarmu ta bakin kogi. To bari in ba ka labarinta, don ɗan abin da na sani na Hausanci a hannunta na same shi.

Ba hanya ɗaya ce ta kawo mu nan ba. Ku a can labarin Burmi kuka fi sani, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a garin da har gobe ake kira Mai Wurno, da sarautarsa da komai. Muna girmama wannan gida ƙwarai. Amma namu iyayen ba mutanen hijira ba ne. Talakawa ne masu niyyar aikin Hajji, irin dubban da suka bi hanyar da ƙafa da jaki, ta Barno, ta Wadai, su shiga Jinaina, su wuce Fashir, su sauka Ubayyid. A yi ta tafiya, guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noman damina ɗaya ko biyu, a sake ɗaure kaya. Iyayen Kaka daga ƙasar Haɗeja suka taso, ita kuwa a hanya aka haife ta, kusa da Abashe. Ba ta san shekarunta ba. Abin da take cewa shi ne tana famfara suka iso bakin kogi, lokacin an riga an gama madatsar Sinnar. A 1925 aka gama ta, ita ce ta buɗe noman auduga a Jazira, kuma masu gonakin suna neman hannun da zai tsinta musu. Mahaifinta ya ce bari a yi tsinta shekara biyu a tara kuɗin jirgin Jidda. A shekara ta biyun zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Kabarinsa yana bayan ƙauyenmu, ƙarƙashin wata aduwa.

Ƙauyen yana gabashin kogin Shuɗin Nilu, arewa da Sinnar. Kogin “bahar” muke ce masa kamar kowa a nan. Gona biyu gare mu. Akwai ta tudu wadda ake nomawa da ruwan sama, mutanen nan suna ce mata bildat. Ƙasarta ba jigawa ba ce irin taku, baƙar laka ce, da rani ta dare har ƙafar yaro ta iya faɗawa cikin tsagar, da damina kuwa ta kama takalmi ta ƙi saki. Dawa muke shukawa, irin da ake kira fatarita, da riɗi. Gero ba ya son wannan ƙasa sosai, amma Kaka ba ta taɓa barin damina ta wuce ba tare da ta shuka nata a gefen da ya ɗan fi rairayi ba. Wannan yanki gayaunarta ce, ba wanda ke taɓa shi. Maƙwabtanmu jubraka suke ce wa irinsa, ita kuwa har ta koma ga Allah gayauna take cewa.

Da saluka ake shuka a nan, wata sanda ce mai wurin taka ƙafa, a danna ta cikin laka a murɗa ta buɗe rami. Babana a gaba da saluka, mu a baya da ƙoƙon iri, a jefa ƙwaya a rufe da diddige. Kaka ba ta yarda da sunan ba, sungumi take kiranta. Ina jin muryarta har yanzu: “Maigidana, ƙwaya uku na ce, ba tafi guda ba. Haka za ka ciyar da ni, kana zubar da iri?” Maigidana take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, wasan jika da kaka yadda kuka san shi. 'Ya'yan maƙwabta da ke kiran tasu kakar habboba suna mamakin wannan wasa, mu kuwa ba mu san akwai inda ba a yinsa ba.

Lokacin da na fi so shi ne in dawa ta fara nuna, jan-baki ya sauko. Zarzur suke ce masa a nan, kuma in ya taso daga bakin kogi sai ka ɗauka hadari ne. A tsakiyar gona akan kafa rumfa mai tsawo, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyi huɗu, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Tun asuba ni da Kaka muke tafiya. Ni in hau sama da majajjawa da curin laka da muka shanya jiya, ita ta zauna a inuwar ƙasa tana kaɗi. Ba ta ɗaga kai, amma kafin in hango tsuntsayen ta riga ta ce, “Ga su nan ta gabas, ja igiya.” Da kunne take gane su. In rana ta take sai ta kira ni in sauko, ta kwance ƙwarya daga tsumma, ta dama fura da ludayin duma, ta ba ni in fara sha. Kullum sai ta ce ita ta ƙoshi, sai da na girma na gane furar ta mutum ɗaya ce.

Ɗaya gonar ita ce ta gaɓar kogi, wadda ake kira jarif. Daga watan Yuli bahar yake fara cika, ya zo jawur da ƙasar Habasha a cikinsa, ya kai ƙarshen cikarsa wajen ƙarshen Agusta. In ya fara ja da baya sai ya bar sabuwar laka mai laushi, ba ta buƙatar taki. Muna bin sa a baya taki-taki, duk inda ya sauka ya bari mu shuka: wake, kuɓewa, kabewa, masara, tumatir, dankalin Hausa da suke kira bambai, daga baya a dasa albasa. Kaka ce ke sanin ranar da za a fara. Takan je da sassafe ta tura yatsa cikin lakar, ta shinshina, ta ce a ƙara kwana biyu. Mazan gidan da gemunsu ba mai musa mata. In aiki ya yi yawa a kira gayya. Larabawan da muke maƙwabtaka da su nafir suke cewa, kuma suna zuwa tamu muna zuwa tasu. A irin wannan rana tukunya biyu ake ɗorawa, tuwon dawa da miyar kuka a ɗaya, ɗaya kuma miyar busasshiyar kuɓewa da ake ci da kisra, wata siririyar wainar dawa. Kowa ya ci daga kowace. Bayan an gama girbi, da sanyi, sai mata da samari su haye kogi a kwalekwale su tafi tsintar auduga a gonakin Jazira, aikin da ya tsayar da kakanninmu tun farko. Da kuɗin tsinta ake sayen atamfa da sukari da kayan ɗakin 'yan mata.

Akwai abin da in na tuna sai idona ya cika. A wajenmu babu ɗorawa. Kaka ba ta taɓa ganin itacen ba, amma in tana siffanta shi sai ka rantse a gindinsa ta girma: jan tuntunsa, garin nan rawaya mai zaƙi, da kalwar da ake daddawa da ita. Duk daga bakin uwarta ta ji. Tunda babu kalwa, da gurguzu take yin tata daddawar, 'ya'yan yakuwa, wadda kuke kira daddawar batso. Ta dafa shi wuni guda har ya yi laushi, ta daka, ta yayyafa ruwan toka, ta rufe a tukunya ta kai bayan ɗaki. Bayan 'yan kwanaki unguwa duka ta san Kaka ta buɗe tukunya. Ta sake dakawa, ta mulmula, ta shanya a kan rufin rumfa, ni ne mai gadin kaji. Duk sanda ta jefa ɗaya a miya sai ta ce, “Wannan ta manejin hanya ce, ta gaskiyar tana gida.” Shekara kusan tamanin tana cin ta hanya. Da na girma wani ɗalibi daga Kano da ke karatu a Khartum ya kawo mini daddawar kalwa. Na kai mata, ta riƙe a hannu ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta ce warin ɗankwalin uwarta ke nan. Ba ta sa ta a miya ba. A cikin adakarta muka same ta bayan ta rasu.

Yanzu ka ce mini matar nan ba Bahaushiya ba ce?

Na san abin da ke sa ku shakka, harshenmu ne. Kun ji mu a waya muna cewa arabiya, mustashfa, kahraba, sai ku ce Hausarmu ta lalace. To ku da kuke cewa mota, asibiti, lantarki, daga wa kuka aro? Ku kun ɗauka a bakin Bature, mu mun ɗauka a bakin Balarabe, kowa da maƙwabcin da Allah Ya haɗa shi da shi. Kuma akwai kalmomin da na gada daga Kaka waɗanda in na faɗa wa samarinku sai su ce ba su taɓa ji ba, sai an tambayo tsofaffin ƙauye. Rubutun boko ne dai ba mu tashi da shi ba. Makarantar allo muka fara, wadda ake kira khalwa a nan, sannan makarantar gwamnati da Larabci zalla. Wannan rubutun da kake karantawa da girmana na koya wa kaina, saboda haka in ka ga tuntuɓe ka yi mini uzuri. Amma kunnena da Hausa ya buɗe. Da daddare a tsakar gida, kan gadon igiya da ake kira angareb, Kaka ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” mu amsa “Ta zo mu ji ta,” sai Gizo da Ƙoƙi, sai Ɓotorami, har barci ya kwashe mu ba mu ji ƙurunƙus ba. Babana kuma da rediyonsa a kunne, yana kama Sashen Hausa na BBC, ya san sunayen gwamnoninku fiye da yadda za ka zata.

Kuma ba karɓa kawai muka yi ba, mun bayar. Ka shiga kowane babban gari a Sudan da yamma ka tambayi agashe, za a nuna maka mai tsire da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, kuma sunan ma ka ji daga inda ya fito. Godo-godon da matanmu ke damawa da gero da nono, kowa sha yake yi. Gyaɗar da aka markaɗa, duk ƙasar dakwa suke ce mata. Mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, A'isha Fallatiya, 'yar mutanenmu ce, haifaffiyar Kassala.

A 1984 ruwa ya ƙi. Ina ƙarami amma ban manta ba. Dawa ta fito ta kai gwiwa ta bushe a tsaye. Mutane suka yi ta kwararowa daga yamma da dabbobinsu suna mutuwa a hanya, daga baya aka fara rabon jar dawar agaji daga Amurka, wadda kowa ke kira dawar Rigan, da sunan shugaban Amurka na lokacin. A nan ana ajiye hatsi a rami ne, matmura, a shimfiɗa ƙaiƙayi a zuba dawa a rufe da ƙasa. Ashe Kaka tana da wata matmura a bayan garken awaki, wadda ta yi shekara uku tana tarawa daga gayaunarta, ba wanda ya sani sai babana. Ranar da aka buɗe ta, ita ta zauna a bakin ramin da mudu a hannu. Ba ta ware Bahaushe da Balarabe ba, gida-gida ta bi har na baƙin da suka sauka a bakin ƙauye. Abu ɗaya ta hana: wata 'yar gora da ta toshe da tsumma da toka, irin gero ne a ciki. Ta ce uwarta ce ta ɗauko kakansa daga Haɗeja, ana shukawa ana mayarwa. Ko da yunwa ta kai inda ta kai, gorar nan tana rataye a ɗakinta, ba a taɓa ta ba sai da ruwa ya sauka.

Maganar aure kuwa, gaskiya zan gaya maka ko da ba daɗi. A zamanin Kaka a tsakaninmu muke aure, ɗan baffa da 'yar baffa, ko daga wani ƙauyen Hausawa zuwa wani, har Gadarif da Kassala ana kai amarya. Dalili biyu ne. Namu tsofaffin suna ganin mu matafiya ne, kada a ɗaure ƙafa da surukan da ba za su tashi ba. Su kuma da yawa daga cikin Larabawa ba sa ba mu 'ya'yansu. A yi salla sahu ɗaya, a ci a akushi ɗaya, amma ranar da ka je neman aure sai a tuna maka kai Fallati ne, sunan da suke kiran duk mai asali daga ƙasashenku na yamma. Wannan ciwo ne, kuma bai gama warkewa ba har yau.

Ƙanen babana shi ya fara karya wannan a gidanmu. Ya ga wata yarinya a ƙauyen Larabawa da ke hayin kogi, wajen tsintar auduga. Sau biyu iyayenta suna mayar da manyanmu. A gidanmu ma aka yi ca a kansa, goggonnina suna cewa zai kawo wadda ba ta iya gaisuwa ba, 'ya'yansa su tashi ba su san kunya ba. Kaka ta yi kwana uku ba ta ce uffan ba. Rana ta huɗu ta yafa mayafinta, ta sa aka haye da ita, ta je ta zauna da kakar yarinyar. Ba wanda ya san abin da tsofaffin nan biyu suka faɗa wa juna, sai dai mun ji daga baya cewa gidan yana cikin waɗanda mudun Kaka ya shiga a shekarar yunwa. Aka ɗaura aure. Mu muka yi namu kamu da sa lalle da buɗar kai, su suka yi nasu jirtik da jan zare da turare. Amarya ta tare ba ta jin ko “zo” da Hausa. Kaka ta ja ta jiki, ta koya mata tuƙa tuwo da kirɓa fura, ta hana kowa yi mata dariya in ta karya harshe. Yau in matar nan ta buɗe baki tana faɗa da jikokinta, ba za ka ce ba a Haɗeja aka yanke mata cibiya ba. Ita ce ta yi jinyar Kaka ta ƙarshe, ita ta yi mata wanka.

Yanzu irin wannan aure ya ƙaru, musamman a birane da tsakanin 'yan makaranta, ko da yake har yanzu na cikin gida ya fi yawa. Ba zan ce maka ba a rasa komai ba. Yaran da suka tashi a Khartum da Madani da yawansu suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Nawa ma haka, kuma abin yana damuna. Nakan zaunar da su in ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” ƙaramar ce kaɗai ke amsawa da zuciya ɗaya. Amma ina jin labarin gidajen manya a Abuja da Kaduna inda yara ba sa iya gaida kakarsu sai da Turanci, ban kuma ji an ce sun fita daga Hausawa ba.

Abin da ya sa tambayarka ta yi mini zafi shi ne, a nan ma tambayar da muke sha ke nan, sai dai a juye. Ku ku ce mu ba cikakkun Hausawa ba ne, a nan kuma wasu su ce mu ba cikakkun 'yan Sudan ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, kafin Turawa su ci Mahdiyya, wato daular Mahadi ta Sudan. Ka ga an rufe ƙofa ga irinsu Kaka ke nan. Sai a dokar 1994 aka dawo da ma'aunin zuwa farkon 1956, shekarar samun 'yancin kai. Babana, wanda aka haifa a ƙauyen nan, ya yi shekaru yana zarya a wani ofishi neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, a ce ya kawo shaidu, ya kawo, a ce ya kawo wasu. Ranar da ya samo ta Kaka ta juya takardar a hannu, ta ce a kai ta bakin kabarin ubanta a nuna masa. A watan Yulin 2022 kuma kun ji abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da kewaye, bayan Hausawan can sun nemi a ba su tasu masarauta aka ce ba su da ƙasa. An kashe mutum fiye da ɗari, a watan Oktoba aka sake wani a Wad al-Mahi. Mutanenmu sun fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum, kuma abin da suke faɗa shi ne su 'yan Sudan ne. Sunan Takari da Fallata, wani ya kira ka da shi don sani, wani don ya ƙasƙanta ka, kuma kunne yana rarrabewa. Shi ya sa in na ji ɗan'uwana Bahaushe yana “'yan Takari” da wata irin murya, abin ya fi mini ciwo.

Kaka ta sauke farali daga ƙarshe. Shekara da shekaru tana ƙulla kuɗin daddawa da na albasa a bakin zane, tana cewa kuɗin hanya ne. Mu yara mun ɗauka maganar tsofaffi ce. Da suka cika, 'ya'yanta suka ƙara mata, babana ya raka ta Sawakin suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ya ce da aka hango gaɓar Hijaz sai ta miƙe ta riƙe ƙarfen jirgi, ta kira sunan ubanta da na uwarta da ƙarfi, ta ce, “Mun iso.” Da ta dawo na tambaye ta, tunda an cika niyya, ko yanzu sai Haɗeja? Ta dube ni ta ce, “Maigidana, wa zai duba mini laka in bahar ya sauka?” Bayan shekara huɗu ta rasu, ana tsakiyar dashen albasa. Kusa da ubanta aka sa ta, ƙarƙashin aduwar nan.

To ka ce mu dawo gida. Na gode da kulawa, na san tausayi ne ya sa ka faɗa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 mun ga abin da ba mu taɓa zato ba. Ina Madani da iyalina lokacin da garin ya faɗi a watan Disamba na shekarar, muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, yanzu muna Gadarif wajen dangin matata. Da Nijeriya ta kwashe ɗalibanta mun yi musu murna, mun raka wasu har tasha. Amma su suna da fasfo da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ni in na sauka Haɗeja yau, unguwar wa zan tambaya? Sunan ƙauyen da kakannina suka baro ma Kaka ba ta riƙe shi daidai ba, abin da ta sani shi ne akwai fadama da ɗorawa uku a bakin hanya. Ina son in zo, wallahi ina so, in ga ɗorawa da idona, in ci tuwo a gidanka, in kawo yarana su ji Hausa a kasuwa ta ko'ina. Zuwan zumunci zan yi, in koma. Kaburbura huɗu nake da su a ƙarƙashin aduwar nan yanzu, har da na babana.

Baffana bai bar ƙauyen ba duk abin nan da aka yi, shi da matarsa. Mun yi waya makon jiya da aka samu layi. Ya ce tun da Habasha suka fara tare ruwa a babbar madatsarsu a 2020 bahar ya sauya hali, ba ya kawo laka kamar da, ba ya kuma sauka a lokacin da aka saba, sai mutum ya yi ta lalube. Duk da haka sun dasa albasa a rabin jarif. Na tambaye shi gorar Kaka. Ya ce tana nan rataye inda take, bana ma matarsa ta shuka geron a gayauna, tsuntsu ya ci rabi don ba yaran da za su hau rumfa, amma ta samu abin da ta mayar cikin gorar ta toshe.